Hular da Inna Saude Ta Saƙa

A garin Ƙofa, in ka ga jariri a bayan uwarsa da hular ulu mai tuntu a tsakar ka, ba sai ka tambaya ba, hannun Inna Saude ne. Ta fi shekara talatin tana wannan saƙa. Da an kai dawa rumbu, iska ta juya, za ka same ta a ƙofar ɗakinta ta miƙe ƙafa, curin zare a cikin kwano don kada ya gangara, kwarashi yana kai da kawo, bakinta ma bai huta ba. Hula, safa, riga da wando, har shawul mai geza. Mata sukan ce yaron da ya shiga kayan Inna Saude, sanyi sai dai ya gaishe shi daga nesa.

Tana kuma da hanyarta ta gane ko jariri yana jin sanyi, wadda ta gada wajen uwarta. Tafin ƙafarsa take kamawa. In ta ji shi da sanyi, to a ƙara masa wani abu. In an jima ta sake taɓawa ta ji bai ɗumama ba, a sake ƙarawa. Da haka ta goyi 'ya'ya bakwai, biyar suka rayu.

Shekara biyu da suka wuce, 'yarta Raihana da ke aure a Badafi ta zo wankan gida na haihuwar fari, a tsakiyar ɗari. Namiji ne, Abdulmumin. Don mai jego ta samu barci, Inna Saude ke kwana da shi a gadonta. Ta sa masa kayan ulu tun daga kai har ƙafa, ta naɗe shi da shawul, ta ja musu babban bargon da mijinta Malam Jibrin ya zo da shi daga Makka, ga kaskon garwashi a gefe, ƙofa da taga a rufe ruf. Ranar da ya cika kwana goma sha tara, da asuba ta yaye bargon ta tarar yaro ya koma.

Mutane suka ce sanyi ne ya shiga haƙarƙarinsa, ai bana ɗarin ba na wasa ba ne. Ita ma haka ta ɗauka. Har sai da Malam ya tsawatar mata, saboda abin da ta riƙa faɗa wa masu zuwa ta'aziyya:

"Ban rufe shi sosai ba. Da na sani da na ƙara masa zani."

To da Allah ya sake ba Raihana ciki, Inna Saude ta ci alwashi. Tun damina ta fara saƙa, zare biyu-biyu take haɗawa. Haihuwa ta biyu ba dole ba ne a zo gida, ta sani, amma ta dami Malam har sai da ya aika wa surukinsa Tasi'u cewa a taimaka a bar yarinyar ta zo ta yi arba'in ɗinta a gaban uwarta. Ba wani abu take nema ba. So take ta yi wa 'yarta wanka kwana arba'in cif, ta miƙa mata ɗanta da rai, ta ce ga shi, wannan karon na riƙe amana. Tasi'u ya yi ta jan ƙafa, daga baya ya yarda. Washegarin suna ya kawo su a motar haya, kurar shanu ta biyo baya da itacen wanka, aka jibge shi a gindin katanga ya kusa kai tsawon mutum.

Sunan yaron Mujitaba. Inna Saude ta karɓe shi tana rawar kafaɗa.

"Kai, angon nawa ne haka? Dubi hanci kamar an dangwala. Ka zo da kuɗin cefane ko hannu kake karkaɗawa?"

Aka yi dariya. Da magariba ta yi, ta jawo kwalla ta fara fito da kayan da ta saƙa, sai Raihana ta ce a hankali, idonta a ƙasa:

"Inna, a wajena zai riƙa kwana. Ni zan shirya shi."

"To ai shi ke nan, shirya shi mu gani."

Ta zauna a bakin gado tana kallo. Raihana ta sa masa 'yar shimi, ta ɗora riga mai haɗe da wando ta auduga mai dogon hannu, ta ƙara 'yar rigar sanyi mara nauyi. Ta kwantar da shi rigingine a kan wata 'yar katifa mai tauri da ta zo da ita, ba filo ba komai. Ta ɗauko zani guda, ta rufa masa zuwa ƙirji, hannuwansa a waje, ta cusa bakin zanin ƙarƙashin katifar. Ta miƙe.

Inna Saude ta jira a ci gaba. Da ta ga ba ci gaba, ta ce:

"Ina hular?"

"Ba a sa masa in zai yi barci a ɗaki."

"In ji wa?"

"A wajen awo aka koya mana."

"Awo! Su masu awon a ɗakin siminti suke kwana ko a cikin tanda? Ke ba ki ji iskar da ke kaɗawa ba? Bari in kawo kasko."

"Kaskon ma a bar shi a waje, Inna. In ɗakin ya ɗuma a fitar da shi kafin mu kwanta."

Inna Saude ta kama tafin ƙafar yaron. Sanyi ƙalau. Ta dubi 'yarta, 'yarta ta dubi bango. Ta saki ƙafar ta fita tana ƙunƙuni, wai yaran yanzu an ba su kati mai hoto sun fi iyayensu sani.

Haka aka yi ta tafiya. Safe da yamma Inna Saude na dafa ruwa a babbar tukunya, ta tsoma ganyen darbejiya ta fyaɗa wa Raihana, ta dama kunun kanwa, ta gasa nama da yaji. Duk wannan Raihana ba ta musu. Amma da an zo kwanciyar yaro sai ta zama wata daban. Ko da rana ya yi barci, in ta shiga banɗaki ta fito, sai ta leƙa ta gani ko an ƙara masa wani abu.

Maƙwabciyarsu Baraka, tsohuwa ce mai baki, ta shigo barka ta tarar da yaron yana barci kai a buɗe. Ta riƙe haɓa.

"Yau na ga abu. Jikan mai saƙa da ƙoƙon kai a waje kamar ɗan kabewa! Saude, zaren ne ya ƙare ko sai an biya ki?"

"Ke dai bari, Baraka. An ce mu tsofaffi ba mu iya ba."

"Mu da muka haife su? Allah ya kyauta. Ki dai sa ido, kin san abin da sanyi ya yi muku wancan karon."

Raihana tana jin su daga kan gado. Sai ta daina shan kunun da ke hannunta.

Akwai allurar da ake yi wa jarirai a kafaɗa, ba a samu yi wa Mujitaba a Badafi ba, aka ce su je asibitin Ƙofa ranar Talata. Da yake fita za a yi cikin iska, Raihana ta bar uwarta ta shirya shi. Wayyo, ranar Inna Saude ta huce haushinta. Ta sa masa shimi, da riga, da rigar ulu, da wandon ulu, da safa biyu, da hula mai igiya a haɓa, ta naɗe da shawul, ta goya shi, ta yafa mayafi a kai.

Ma'aikaciyar da ke allurar, Malama Juwairiyya, mace ce mai fara'a da son tsokana. Ba ta san su ba, sabuwar zuwa ce garin. Ta karɓi ƙunshin ta fara warwarewa tana ƙirgawa da ƙarfi, matan da ke kan benci suna dariya.

"Ɗaya. Biyu. Uku. Inna, anya akwai mutum a ciki kuwa? Huɗu. Af, ga shi nan, sannu Alhaji, ka sha hanya."

"'Yar nan, ki taɓa ƙafarsa ki ji kafin ki yi mini dariya."

"Kawo hannunki, Inna."

Ta kama hannun Inna Saude ta ɗora a tafin ƙafar yaron. Da ɗan sanyi, duk da safa biyu.

"Kin ji ko?" in ji Inna Saude.

"Na ji. To taɓa nan."

Ta zura hannun cikin shimi, a kan ƙirji. Zafi rau, ga danshi. Ta mai da shi ƙeya. Jiƙe sharkaf.

"Ƙafar jariri da hannunsa kullum sun fi jikinsa sanyi, Inna, ko yana lafiya lau. In kika bi ta ƙafa, sai ki yi ta lafta masa kaya har ya dahu. Ƙirji ake taɓawa, ko ƙeya. Abin da kika sa a jikinki kika ji daidai, ki ƙara masa guda ɗaya a kai, ya isa. Hular nan kuwa kyakkyawa ce, wa ya saƙa?"

"Ni."

"Kai, hannunki da kyau. Amma ta hanya ce da zaman tsakar gida. In zai yi barci a ɗaki a cire, ta kai yake fitar da zafi. Babban bargo kuma kada ya kusance shi. Ba shi da ƙarfin ture shi in ya hau fuskarsa, kuma yaron da zafi ya yi wa yawa ba lalle ya yi kuka ba, barci yake ƙara yi mai nauyi. Sai a wayi gari a ce sanyi ne."

Ta faɗi haka tana jan ruwan allura, ba ta ma dubi kowa ba.

Inna Saude tana tsaye da hular a hannu. Cikin hular ya jiƙe da gumi. Sai ta tuna wata hular, shuɗiya, wadda ta kwance daga haɓar Abdulmumin da asubar nan kafin a yi masa wanka. Ita ma haka take. Har sai da ta matse ta, ta shanya a kan igiya, tana kuka tana cewa sanyi ya cuce ta. Shekara biyu ba ta taɓa tambayar kanta yadda aka yi wanda sanyi ya kashe ya jiƙa hula da gumi ba.

Ta juya ta dubi Raihana. Ta zaci za ta ga firgita a fuskarta. Ba ta gani ba. Raihana tana kallon ƙasa ne kawai, irin kallon da take yi wa bango kullum da magariba.

Da suka isa gida Inna Saude ta ninke bargon Makka ta danna shi ƙasan akwati, ta ɗora kwalla a kai. Malam Jibrin ya lura ba ta ci tuwo ba, ya tambaya, ta gaya masa a gajarce. Ya ja carbi, sannan ya ce:

"Kwanansa ne ya ƙare, Saude. Ko likita ba zai rantse miki ga abin da ya faru ba. Kada ki ɗora wa kanki abin da ba ki da tabbas."

"Na ji, Malam."

Ta ji ɗin, amma ita ce ta matse shuɗiyar hular nan da hannunta.

Daga ranar ta daina ƙunƙuni. Ita da kanta take fitar da kasko. Ta koyi zura yatsu biyu a ƙirjin yaron, ta ce, "Angon nawa da ɗuminsa." Baraka ta sake shigowa da tsokanarta, Inna Saude ta ce mata ta sha kunu ta yi shiru. Raihana ta fara sakin jiki, har wata rana ta yi barcin rana ta bar su su biyu. Inna Saude ta ƙirga a ranta, saura kwana goma sha shida, saura goma sha biyar.

Ranar kwana ashirin da bakwai aka tashi da wani irin sanyi da ba a yi irinsa ba a shekarar. Ruwan randa kamar ya tsaga haƙori. Awaki sun cure a gindin murhu, ko an kore su ba sa motsi. Raihana ta ba yaron nono bayan sallar asuba, ya koma barci, ta kwantar da shi yadda ta saba. Lokacin ta fara yin wankanta da kanta, sai Inna Saude ta juye mata ruwan ta kai mata bayan ɗaki, ta ɗora kunu a wuta, ta dawo ta zauna kusa da yaron.

Iska tana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ta dubi ɗan kan nan a buɗe, maɗiga tana bugawa a hankali. Hannunta ya tafi ƙafarsa, ba ta aike shi ba. Kamar ƙanƙara.

Ta janye. Ta zura yatsu a ƙirji, da ɗumi. Ta ce wa kanta, kin ji, da ɗumi, haka malamar ta ce. Ta zauna a kan hannuwanta. Yaron ya yi ɗan atishawa, ya motsa baki, ya ci gaba da barci.

Atishawar nan ce ta karya ta. Shekara sittin da wani abu tana jin cewa sanyi ke kashe yara, kwana goma kacal tana jin wata magana daban. In malamar ce ta yi kuskure fa? In duka biyun gaskiya ne fa, wancan zafi ya ɗauke shi, wannan sanyi ya ɗauke? Ta ce hula kawai, kafin uwarsa ta fito. Ta sa masa. Ta sake taɓa ƙafar, tana nan yadda take. Ta ce to gefen bargo, ƙafafun kawai, ina zaune a nan ina kallonsa, da na ji motsinta zan cire. Ta sauke kwalla, ta buɗe akwati.

Ta rufa masa zuwa gwiwa. Ta ɗan ja zuwa ciki. Sai ta ji ƙauri, da cuuu a murhu, kunu ya tafasa yana zuba, akuya kuma ta sa kai za ta ture tukunyar. Ta fita da gudu. Ta kori akuyar, ta sauke tukunya, ta ƙone yatsa, ta tsaya neman wani kwanon da za ta juye abin da ya saura. Ita dai a ganinta ba ta daɗe ba.

Da ta dawo ta tarar da Raihana a durƙushe a gaban katifar, da ɗaurin ƙirji, jikinta yana tururi. Bargon yana can gefe inda aka yi jifa da shi. Yaron ya yi ta shure-shure ne har bargon ya tattaro ya hau masa baki da hanci. Yana hannun uwarsa, fuska ja wur, gashi manne da gumi, yana tsala kuka. Da ransa.

Raihana ba ta yi ihu ba. Da ma ta yi, da ya fi sauƙi. Ta kwance igiyar hular, ta ajiye ta a kan gado, ta sa masa nono har ya yi shiru. Sannan ta ɗauki waya ta fita bayan ɗaki.

Inna Saude ta zauna a ƙasa. Da 'yarta ta dawo ta fara haɗa kaya, ta ce:

"Ƙafafun kawai na rufe."

"Na sani, Inna."

"Kunu ne ya zuba."

"Na sani."

Inna Saude ta bi ta da kallo tana ninke 'yan riguna, ta ce:

"Maganar wancan yaron. Tun yaushe kika sani?"

Raihana ta tsaya da riga a hannu.

"Tun cikin nan yana wata biyar. Ranar da aka yi mana bayani a wajen awo. Ban iya tashi daga benci ba sai da kowa ya watse."

"Shi ne ba ki gaya mini ba?"

"In ce miki me, Inna? Ni ma ina ɗakin. Ni na ce ki ƙara garwashi."

"Mijinki ya sani?"

"Ya sani. Shi ya sa bai so in zo ba. Ni na ce masa zan kula."

"Saura kwana goma sha uku. Ki ɗauke akwatin ki kai ɗakin Malam ki sa kwaɗo. Ki ɗaure mini hannu in kin ga dama."

Raihana ta share ido da bakin zani.

"Inna, ba na barci. Tun da na zo ban yi barcin kirki ba sai sau ɗaya. In na shiga wanka kunnena yana nan. Ba fushi nake yi ba, wallahi. Ba zan iya binne na biyu ba ne."

Bayan azahar Tasi'u ya iso da mota. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Malam, ya gaida Inna, ya tambayi sanyi, ya tambayi ƙoƙari. Ya ce gwaggonsa ce ta matsa tana son a ƙarasa wankan a can. Kowa ya san ba haka ba ne, kowa ya ce Allah ya sa hakan ya fi alheri. Direba ya tambaya ko za a ɗebi itacen da ya saura, Tasi'u ya ce a'a, a bar wa Inna.

Inna Saude ta fito da ƙullin kayan da ta saƙa tun damina. Raihana ta kwance, ta zaɓi hula ɗaya ta sa wa yaron saboda hanya, ta ɗaure sauran ta ajiye a kan turmi. Ta miƙo shi a yi sallama. Inna Saude ta karɓe shi, ta buɗe baki za ta yi masa tsiyar da ta saba, ta ce ango zai gudu bai biya sadaki ba, maganar ta ƙi fita. Ta tofa masa addu'a ta mayar.

Da motar ta tashi, Baraka ta leƙo ta katanga.

"Lafiya, Saude? Ba a yi arba'in ba aka tafi?"

"Lafiya lau. Baraka, jikar nan taki da aka haifa, ki gaya wa uwarta ƙirji ake taɓawa, ba ƙafa ba. Kuma a cire mata hula in za ta kwanta."

"Oho, ke ma sun shafa miki? A wannan ɗarin? Allah ya sawwaƙe. Ni dai ki ƙarasa mini safar da na ce."

Ta sauka daga katangar tana dariya.

La'asar ta yi, lokacin ɗora ruwan yamma. Inna Saude ta samu kanta a gindin katanga ta rungumo itace uku. Ta tsaya da su a hannu, ta dubi babbar tukunyar a kife, ta dubi tulin da ya saura, na kwana goma sha uku, safe da yamma. Ta mai da su inda ta ɗauko.